Tokar da Ke Hawa Sama: Yadda Ake Share Boilar da Ke Cin Shara da Kara

Tashar da ke ƙona shara ta samar da lantarki ba kasafai take tsayawa don shara ta ƙare ba. Janaretanta ma bai cika ba da matsala ba. Abin da ya fi sa a kashe wutarta ba shiri shi ne toka, musamman wadda hayaƙi ke ɗauka ya yi sama da ita, ta manne a jikin bututan ƙarfe, ta yi ta kauri har ta toshe hanyar hayaƙin, ko kuma ta ci ƙarfen a hankali har ya ɓule. Shekara tana da awa 8,760. Masu irin waɗannan tashoshi a Turai burinsu su yi aiki na kimanin awa 8,000 a cikinta, sauran kuma a bar wa masu gyara. Ko za a cimma wannan buri ko ba za a cimma ba, galibi toka ce ke yanke hukunci.

Boilar babbar tasha wani dogon ɗaki ne na ƙarfe, tsayinsa kan kai na bene mai hawa goma. Bangonsa jerin bututai ne da aka haɗa da walda, ruwa na gudana a cikinsu. Wuta na ci a ƙasa, hayaƙi mai tsananin zafi ya tashi, ya yi kwana, ya ratsa wasu tarin bututan da aka rataye a kan hanyarsa, kafin ya isa wurin tacewa ya fita. A cikin wannan tafiya ruwa ke zama tururi, tururin ya ƙara zafi, ya je ya juya farfelar injin. Sana'ar gaba ɗaya ta dogara ne ga zafi ya ratsa ƙarfe ya isa ga ruwa. Ƙarfe na wucewa da zafi cikin sauƙi, toka kuwa riƙe shi take yi, ta fi ƙarfe jinkiri sau gommai. Da zarar ta lulluɓe bututu, tururi ya ragu, zafin da ya kamata ya shiga ruwa ya bi hayaƙi ya tafi a banza, fankar da ke zuƙo hayaƙin ta shiga wahala domin hanya ta ƙuntata. Daga nan sai a rage abin da ake zuba wa wutar, daga ragewa sai tsayawa. Motocin shara kuma ba su san an tsaya ba. A yawancin tashoshin Turai kuɗin da ake karɓa don amsar sharar ya fi na sayar da lantarki, saboda haka kowace ranar tsayawa asara ce ta fuska biyu.

Kwal ma yana da toka, kuma injiniyoyi sun fi shekara ɗari suna fama da ita. Amma tokar kwal yawancinta laka ce da yashi da suka ƙone, ba ta narkewa sai zafi ya yi tsanani ƙwarai. Ta tsirrai daban take. Duk macen da ta taɓa ƙona karan gero ko na dawa, ta jiƙa tokar ta tace ruwan toka don miya ko don sabulun salo, ta san akwai wani gishiri mai kaifi a ciki. Fotashiyam ne, abin da shuka ke zuƙa daga ƙasa don ta yi girma, kuma ya fi yawa a sassan da ke girma da sauri, wato kara da ganye da ɓawo. A murhun gida zafin bai kai ya kore shi duka ba, shi ya sa yake zama a toka a tace shi. A cikin boila kuwa yakan haɗu da kulorin ya tashi kamar tururi, ya bi hayaƙi, sai ya tarar da bututun da ya fi hayaƙin sanyi ya daskare a kansa. Gishirin fotashiyam da kulorin na narkewa a digiri 770 na ma'aunin Selshiyos, gishirin miya a 801, amma idan suka cakuɗu sukan narke tun wajen 660. Wannan ɗabi'a ta cakuɗa ita ce tushen matsalar: abubuwa biyu da kowannensu ke jure zafi, in sun haɗu sai su yi laushi da wuri.

Mutanen Denmak sun koyi wannan da tsada. A 1993 majalisar ƙasar ta cimma yarjejeniyar da ta wajabta wa kamfanonin lantarki ƙona tan miliyan 1.2 na karan hatsi a kowace shekara, ban da gutsattsarin itace. Karan alkama da na sha'ir sun cika gonaki, ga shi an hana manoma banka musu wuta a fili. Da aka fara zuba su a boila sai bututan ƙarin zafi, wato waɗanda ke ƙara wa tururi zafi, suka riƙa toshewa suna tsatsa da saurin da ba a saba gani da kwal ba. Cikin abubuwan da aka lura da su akwai wani mai ban sha'awa: karan da aka bari a gona ruwan sama ya dake shi har ya yi toka-toka ya fi sabon kara mai ruwan ɗorawa sauƙin ƙonawa, domin ruwan ya wanke mafi yawan gishirin ya mayar da shi ƙasa. Ita kuwa tashar Drax ta Ingila, da ta fara juya injinanta daga kwal zuwa makamashin tsirrai a 2013, curarren garin katako ta dogara da shi, wanda akasari ake kawowa daga Amurka. Tokar itace mai tsabta kaɗan ce, sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali ta kara takan kai kashi biyar ko fiye.

Shara ta fi duka muni, don babu wanda ya san abin da ke cikinta. Tun da aka gina murhun ƙona sharar gari na farko a Nottingham a 1874, abin da mutane ke zubarwa ya canza ƙwarai. Yau akwai robar PVC, wadda ake yin fayif ɗin ruwa da rigar wayar lantarki da wasu takalman roba da ita, kuma fiye da rabin nauyinta kulorin ne. Akwai gishirin ragowar abinci. Akwai dalma da tutiya daga fenti da batura da tarkacen kayan lantarki. Kulorin in ya haɗu da dalma yakan ba da gishirin da ke narkewa a wajen digiri 500, da tutiya kuwa wajen 290. Ma'ana, a zafin da bututun boila ke aiki kullum, akwai wani siririn danshi mai cin ƙarfe kwance a jikinsa, a ƙarƙashin tokar da ido ke gani a bushe.

Wannan ne ya sa aka daɗe da tsayar da wani mizani a wannan sana'a, wato tururi mai zafin digiri 400 da matsin da ya ninka na iskar sarari sau 40. Tashar kwal tana kai tururinta 540 ko sama da haka, kuma gwargwadon zafin tururi gwargwadon lantarkin da za a samu. Masu ƙona shara sun san da haka, da gangan suka haƙura. Sun gwammace su tashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke cikin sharar, ko ƙasa da haka, a kan su riƙa canza bututai kowace shekara. A Amsterdam an buɗe wata tasha a 2007 da ta ɗaga tururinta zuwa digiri 440 da matsi mai yawa, ta kai wajen kashi 30 cikin ɗari, amma sai da aka lulluɓe manyan sassan boilar da ƙarfe mai tsada, aka kuma tsara ta yadda za a iya zare bututan da suka ci a sa wasu cikin hanzari. Ashe tun kafin a kunna wuta, toka ta riga ta ƙayyade yawan lantarkin da tashar za ta bayar.

Yadda tokar ke taruwa shi ne abin da ya kamata mai share ta ya fara fahimta. Da farko wani farin shafi ne siriri, gishirin da ya daskare daga hayaƙi, da ƙura mai laushi ƙwarai da ke gudu daga zafi zuwa sanyi. Wannan shafi yana da danƙo. Manyan ƙwayoyin toka da a da za su bugi bututu su faɗi, yanzu sai su maƙale. Kaurin na ƙaruwa, bayan tokar na ƙara nisa da sanyin ruwan da ke cikin bututun, saboda haka yana ƙara zafi, yana ƙara laushi, yana ƙara kama wasu ƙwayoyin. A gefen da hayaƙi ke bugowa takan yi tsini kamar tozo, har na wannan bututu ya haɗu da na maƙwabcinsa su rufe tsakani. Sannan zafi da daɗewa su gasa ta, ƙwayoyin su narke a bakin juna su haɗe. Tokar yini ɗaya iska ma na iya kaɗe ta. Ta wata uku sai da guduma. A kusa da wutar kanta, inda zafi ya fi yawa, takan narke gaba ɗaya ta daskare ta zama kashin maƙera, wani lokaci curi guda ya kai nauyin ƙaramar mota. Akwai kuma wani aiki da ke gudana a ɓoye: iskar ƙibiritu da ke cikin hayaƙi tana ratsa tokar tana korar kulorin daga gishirin, kulorin ɗin da aka kora kuma wani sashensa ƙarfen bututu yake nufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kusan duk dabarun sharewa na zamani a kan wannan aka gina su, wato a taɓa tokar tun tana sabuwa, wuta na ci, ba sai an jira an kashe ba.

Dabarar da ta fi tsufa ita ce hura tururi. Wani dogon mashi ne na ƙarfe mai huda a baki, inji ke tura shi cikin boilar yana juyawa, yana feso tururi da ƙarfi a kan bututai, sannan ya ja da baya kafin wuta ta lanƙwasa shi. Tun farkon ƙarni na 20 ake amfani da shi, kuma a tashoshin kwal da na itace har gobe shi ne jigo. Yana da tsada ta wani gefe, domin tururin da ake fesawa daga cikin wanda za a sayar ake ɗiba. Amma babban aibinsa a boilar shara ya fi wannan. Ƙarfen bututu yana yi wa kansa wata siririyar fata ta tsatsa mai tauri wadda ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Tururin na zuwa da ƙarfi, ɗauke da ƙwayoyin toka masu kaifi, wani lokaci har da ɗigon ruwa in ba a tsiyaye layin da kyau ba, sai ya kankare tokar ya haɗa da fatar. Sabon ƙarfe ya bayyana, kulorin ya far masa, ya yi wata fatar, gobe a sake kankare ta. Masu duba boila sun san wannan sarai: in za a sami bututun da ya sirance, a fara nemansa a daidai inda mashin ke wucewa. Shi ya sa ake sa wa bututan sahun gaba garkuwar ƙarfe, ake kuma canza ta duk tsayawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Saboda haka yawancin boilolin shara na Turai aka yi musu wani tsari daban. Ana rataye bututan ƙarin zafi a tsaye cikin wani dogon zaure da hayaƙi ke bi a kwance, a ƙasan kowane jeri kuma akwai wurin da guduma ke bugawa daga waje, ko ta inji ko ta matsin iska. In ta buga, jerin ya girgiza, tokar ta zube cikin mazurarin da ke ƙasa. Ba ta cin tururi, ba ta kankare ƙarfe. Iyakarta dai tana kaɗe sako-sako ne kawai, wadda ta riga ta gasu ba ta jin bugu, kuma shekaru na bugu kan tsaga walda. A can ƙarshen hanya, inda hayaƙi ya huce kuma tokar busasshiya ce, wasu na zubo ƙananan ƙwallayen ƙarfe daga sama su gangaro tsakanin bututai, a tattara su a ƙasa a sake hawa da su. Wasu kuma ƙaho suke kafawa mai fitar da ƙara mai kauri, har da irin wadda kunne ba ya ji, don ƙurar ta kasa samun natsuwar zama. Ƙaho yana da amfani a inda toka ba ta da danƙo. Mai sayar da shi da ya ce zai cire wadda ta manne a sashen zafi, cika baki yake yi.

Ruwa kuma fa? Da jin an ce a zuba ruwan sanyi cikin boilar da ke ci, hankali zai ce ganganci ne. Amma ana yi, kuma yana aiki. A zaurukan da babu rataye-rataye, inda bango ne kawai, ana zuro tiyo mai jure wuta daga rufi, a bakinsa akwai kai mai feshi, ya sauka a hankali yana jiƙa bangon. Ruwan na shiga ƙofofin tokar ya zama tururi nan take, girmansa ya ninku fiye da sau dubu, ya ɓamɓare ta daga ciki. Gwanintar tana ga awo. In ruwan ya yi kaɗan ya ƙafe kafin ya isa bango. In ya yi yawa ya taɓa ƙarfe mai zafi ya sanyaya shi farat ɗaya, yau da gobe fuskar bututun ta yi tsaga-tsaga. Amfanin wannan wanki ya wuce bangon da aka wanke. In zaurukan farko suna da tsabta, suna shanye zafin da ya kamata su sha, hayaƙin ya isa ga bututan ƙarin zafi yana ƙasa da digiri 650 ko kusa da haka, ƙwayoyin tokarsa sun riga sun daskare ba sa mannewa. In aka bar su suka yi datti, hayaƙin ya iso da zafinsa da danƙonsa, matsalar ta koma gaba inda ta fi wuyar magani. A ganina wannan ne abin da aka fi yin sakaci da shi: inda toka ta toshe sau da yawa ba nan ne inda laifin ya faro ba.

Sai kuma fashewa, wadda ita ce ta fi jan hankalin baƙo. An daɗe ana sa nakiya a boilar da aka kashe, a naɗa igiyar fashewa a jikin bututai a tayar. A Amurka har bindiga ta musamman ake ƙerawa, babba, don harbo kashin maƙera daga nesa, irin wadda ake amfani da ita a murhun siminti. Sabon abu shi ne yin fashewar wuta na ci. Kamfanin Bang & Clean na Suwizalan ya yi suna da wata hanya: a zura mashi mai sanyaya kansa da ruwa ta wata ƙaramar ƙofa, a bakinsa akwai jaka a naɗe, in an kai daidai wurin sai a hura mata iskar gas da oksijin cikin daƙiƙoƙi, a kunna. Bugun iskar ya girgiza bututai ya farfasa tokar da ta gasu. Wani kamfanin na ƙasar, Explosion Power, ya mayar da abin na dindindin, akwati ne da ake ɗaurawa a bangon boilar, yana ƙona ɗan gas a cikinsa ya saki bugun ta wani bututu, lokaci-lokaci, dare da rana. Fa'idar bugun iska ita ce yana zagayawa ya isa lungun da mashin tururi ba ya gani, kuma ba ya kankare fatar ƙarfe. Amma shi ma ba kyauta ba ne. Yana iya kakkarya bulon da aka lulluɓe bangon wuta da shi, yana gajiyar da walda, kuma in aka bari toka ta taru da yawa kafin a buga, abin da zai zubo lokaci guda na iya toshe mazurarin ƙasa, a koma neman yadda za a share shi.

Duk da wannan, rana na zuwa da dole a kashe wuta, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara. A bar boilar ta huce, a kafa sikafol a ciki, mutane su shiga da abin feshin yashi ko ruwa mai matsi, a kankare har ƙarfe ya fito, a auna kaurin kowane bututu da na'ura. Wannan ne aikin da ya fi haɗari a duk tashar, kuma galibi 'yan kwangila ne ke yinsa, ba ma'aikatan gida ba. Curin da ke rataye a sama na iya ɓallowa. Tarin toka na iya yin sanyi a baya alhali cikinsa garwashi ne, kwanaki bayan an kashe wuta. Ƙurar na ɗauke da dalma da kadmiyam. Gutsattsarin alminiyam da ke cikin tokar shara in ya jiƙa yakan saki iskar haidurojin, wadda ke kamawa da ƙyas ɗaya in ta taru a rufaffen wuri. A watan Yunin 2017, a tashar kwal ta Big Bend da ke Florida, mutum biyar suka rasu bayan da narkakkiyar toka ta ɓarke musu suna ƙoƙarin buɗe wata toshiya a ƙasan boilar da ba a kashe ba. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a fara kaɗe na sama daga waje, da fashewa ko da masu saukowa da igiya daga rufi, kafin ƙafar kowa ta taka ƙasan. Wankin rabi da rabi kuma ya fi rashin wanki illa, domin gishirin kulorin yana jan danshi, in aka jiƙa shi aka bar shi a jikin ƙarfe mai sanyi, tsatsar mako biyu na tsayawa na iya fin ta watanni na aiki.

In aka haɗa waɗannan duka, abin da ke fitowa shi ne boilar da ta yi fes ba ita ce abin nema ba. Kowace sharewa tana cin wani abu, ko tururi, ko ƙarfe, ko walda. Kowane jinkiri kuma yana ba toka damar gasuwa. A da, agogo ake bi, a hura tururi sau ɗaya a kowane canjin ma'aikata, ko da buƙata ko babu. Yanzu tashoshin da suka san abin da suke yi suna auna zafin hayaƙi a mataki-mataki, suna lissafa zafin da kowane sashe ke sha, wasu har ma'auni suke ɗaurawa a sandunan da aka rataye bututai da su don su ga nauyin tokar na ƙaruwa. Sai a share wurin da ya yi datti, da ƙarfin da ya ishe shi, a ƙyale sauran. Na fi yarda da wannan a kan sayen sabuwar na'ura mai ƙarfi, domin tashoshi da yawa suna da isassun kayan sharewa, yadda ake amfani da su ne ke ɓata bututan.

Wani sashen yaƙin ma a wajen boilar ake yinsa. Mai tuƙa ƙugiyar da ke ɗibar shara daga rami yana cakuɗa ta kafin ya zuba, don kada lodin roba zalla ya shiga lokaci guda wuta ta yi tsalle. Kamfanin Vattenfall na Suwidin ya ɓullo da fesa ruwan amoniyam salfet, wanda manoma suka sani a matsayin takin zamani, cikin hayaƙi kafin ya isa ga bututan ƙarin zafi, don ya juya gishirin fotashiyam mai kulorin zuwa wani da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. Wasu na barbaɗa farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ta kama fotashiyam ɗin ta riƙe. Bangon wuta kuma ana yi masa rufin walda da wani ƙarfe mai yawan nikel da ake kira Inconel 625, mai tsada amma mai jure kulorin.

Tokar da aka kaɗe ba ta ɓace ba, wuri ta canza. Ta ƙasan wuta, wadda ta kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin sharar, ana tsince ƙarafan cikinta a yi ciko da sauran a wasu ƙasashe. Ta sama kuwa guba ce a hukumance. Jamusawa na cusa ta cikin tsofaffin ramukan haƙar gishiri, ƙasashen arewacin Turai kuma sun daɗe suna kai tasu tsibirin Langøya na Norwe. Akwai kuma batun dayoksin. Dokar Tarayyar Turai ta ce hayaƙin shara ya zauna aƙalla daƙiƙa biyu a zafin digiri 850 don wannan guba ta ƙone, amma tana iya sake haɗuwa a baya, a kan ƙurar toka, lokacin da hayaƙi ke hucewa tsakanin digiri 400 da 250, jan ƙarfen da ke cikin tokar na taimaka mata. Boilar da bayanta ya cika da toka masaƙar dayoksin ce.

A nahiyarmu babbar tashar ƙona shara da aka fi sani ita ce Reppie ta Adis Ababa, da aka ƙaddamar a watan Agustan 2018 a gefen jujin Koshe, inda tudun shara ya rufta ya kashe mutum fiye da 110 a watan Maris na 2017. An tsara ta ta ci tan 1,400 a rana. Duk gwamnatin da ke sha'awar irinta ya kamata ta fara auna shararta, ta damina da ta rani, domin ta garuruwanmu tana da jiƙaƙƙen ragowar abinci da ƙasar shara da tokar murhu fiye da ta Turai, kuma boilar da aka zana don wata shara ba dole ta yi daidai da wata ba.

Amma ba sai mun jira irin wannan tasha ba, boilolin makamashin tsirrai suna nan tare da mu. Manyan masana'antun shinkafa na Kano da Kebbi da Jigawa da ɓuntu suke dafa ruwan turara shanshera. Kamfanonin sukari, daga Numan da Sunti har Kenana ta Sudan, tuƙar rake suke ƙonawa. Matsalar waɗannan ta bambanta da ta karan alkama. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka ce, kusan dukanta silika, wato asalin yashi. Ba ta narkewa da wuri, ba ta cika mannewa ba, amma tana da kaifi, tana goge bututu da fukafukan fanka, tana kuma cika kowane lungu da sauri. Tuƙar rake ita ma da ƙasar gona take zuwa. A nan hura tururi da ƙarfi ƙara wa ciwo gishiri ne. Abin da ake buƙata shi ne a rage gudun hayaƙi, a sa garkuwa a bututan gaba, a riƙa kwashe tokar mazurari a kan kari.

Haɗarin da na fi hangowa yana zuwa ne lokacin da ɓuntu ya yi ƙaranci, aka ce a cike da abin da ya samu, totuwar masara ko karan auduga ko karan dawa. Waɗannan su ne masu yawan fotashiyam, kuma fotashiyam in ya sami silika a wuta, wani abu mai kama da gilashi suke haɗawa, wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 800 ba. Boilar da ta yi shekaru tana cin ɓuntu lami lafiya sai a wayi gari gadon wutarta ya cure, ko, in irin wadda wutarta ke ci cikin yashin da iska ke motsawa ce, yashin ya dunƙule, a zargi mai kula da wuta alhali abincin aka canza. Masana'antun manja na Malesiya da Indonesiya sun sha irin wannan da suka fara ƙona fankon nonon kwakwar manja, wanda shi ma cike yake da fotashiyam. Ƙaramar masana'anta ba ta da kuɗin na'urorin Suwizalan, amma tana iya sa ma'aunin zafi a mafitar hayaƙi, a riƙa rubuta abin da ya nuna a littafi kowace awa tare da irin makamashin da aka zuba a ranar. In lambar ta fara hawa alhali aikin bai ƙaru ba, ko dai toka ta taru a bayan bututu, ko dattin ruwa ya daskare a cikinsa, kuma kafin a kira mai sharewa sai an tantance wanne ne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.